Gyaran Hoto ta Burauza a Kwamfutar Makaranta: Tambayoyi da Amsoshi

Ina koyar da darasin kwamfuta a wata sakandaren gwamnati a ƙasar Ringim. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai da malamai da iyaye suka fi yi mini kan gyaran hoto, wasu a aji, wasu a ƙofar masallaci, wasu ta waya daga abokan aiki na Gumel da Kazaure da Ɗambatta. Halinmu kusan ɗaya ne: kwamfutocin tafi-da-gidanka 'yan kaɗan, ɗalibai da yawa, wuta sai ta sola ko janareta, data kuma sau da yawa daga aljihun malami take fita. Don irin wannan hali aka rubuta amsoshin.

Malam, kwamfutar makaranta ba ta yarda a saka mata sabuwar manhaja. Ke nan babu gyaran hoto?

Akwai. Da gangan aka kulle ta, kuma na goyi bayan kullewar, domin kwamfutar da yara da yawa ke taɓawa, in aka bar kowa ya saka abin da ya ga dama, ba za ta kai ƙarshen zango da lafiyarta ba. Amma burauza a buɗe take, ko Chrome ce ko Edge ko Firefox, kuma a yau burauza na iya yanka hoto, ta rage masa nauyi, ta gyara haskensa, ta ɗora masa rubutu, ba tare da an girka komai ba. Adireshin shafin kawai za ka rubuta.

Kada ka nemo kwafin sata na Photoshop, shahararriyar manhajar gyaran hoto ta kuɗi, a filash daga shago ka ce za ka lallaɓa ka saka. Irin waɗannan fayiloli su ne babbar hanyar da ƙwayar cutar kwamfuta ke shigowa makaranta.

To wace manhaja za mu buɗe?

Kafin suna, ku fara gane cewa iri biyu ne. Akwai wadda ke saukowa cikin burauzarka ta yi aikin a kan kwamfutar da ke gabanka, akwai kuma wadda ke kwashe hotonka ta kai wata kwamfuta mai nisa, a can ake ajiye aikin. Ta farko kamar an aro maka keken ɗinki an kawo gida ne, ta biyu kuwa kai yadi ne wurin tela a birni, kowane ɗan gyara sai ka biya kuɗin mota. Ga mu mutanen karkara wannan bambanci ya fi komai muhimmanci.

Photopea ce ta farko a wurina. Wani matashi mai suna Ivan Kutskir, mazaunin Jamhuriyar Cek, shi ya fito da ita a 2013 tun yana ɗalibin jami'a. Fuskarta ta yi kama da ta Photoshop ƙwarai, tana buɗe fayilolin PSD, wato tsarin da Photoshop ke ajiye aiki da shi, ba ta neman a yi rajista, kuma hoton da ka buɗe yana nan kan kwamfutarka, ba ya zuwa ko'ina. Kyauta ce, da tallan da ke gefen allo take samun kuɗi.

Squoosh ta kamfanin Google ce, ta fito a 2018. Aikinta ɗaya: rage girma da nauyin hoto. Ita ma a kan kwamfutarka take aiki.

Canva, wadda Melanie Perkins da abokan aikinta suka kafa a Ostareliya a 2013, ta fi sauƙi ga mai son fasta ko katin gayyata cikin gaggawa, saboda tana da zanukan da aka riga aka tsara. Sai dai tana bukatar rajista da sabis mai ƙarfi daga farko har ƙarshe. Tana da tsari na kyauta ga malaman firamare da sakandare, bayan malami ya nuna shaidar aikinsa. Akwai kuma Pixlr, wadda ta faro a Suwidin a 2008, tana da kyau, amma tana iyakance wa mai amfani da ita kyauta yawan hotunan da zai iya ajiyewa a rana.

Shawarata: Photopea don koyo, Squoosh don hoton rajista, Canva ranar da sabis ya zauna.

Sabis ɗinmu yana zuwa yana ɗaukewa. Datar za ta isa kuwa?

Za ta isa in an yi dabara. Photopea megabayit kaɗan take ci wajen buɗewa, kuma da zarar ta gama buɗewa kana iya kashe data ka ci gaba da aiki, muddin ba ka rufe shafin ba. Abin da muke yi shi ne, kafin yara su shigo, malami ya kunna hotsifot na wayarsa inda sabis ya fi kamawa, galibi bakin taga, a buɗe shafin a kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya, sannan a kashe. Abu biyu ne za su nemi intanet daga baya: sabon salon rubutu da ba a taɓa saukewa ba, da ayyukan da ke amfani da ƙirƙirarriyar basira. Don haka a zaɓi salon rubutun tun data na kunne.

Ɓarawon data na gaske Windows ne. Da ya ji intanet sai ya hau sabunta kansa a ɓoye, kafin ka ankara gigabayit ya tafi. A shiga saitin wayifai a nuna masa cewa layin na awo ne, zai rage wannan sosai. In saitin a kulle yake, wanda ke riƙe da mabuɗin kwamfutocin ya yi.

Shafin rajista ya ƙi karɓar hoton fasfona, wai ya yi nauyi. Yaya zan yi?

Wannan ce tambayar da ta fi cin kuɗin iyaye, domin saboda ita ake hawa acaba a tafi gari a biya mai shago, alhali aikin minti 5 ne.

Tun wajen ɗauka ake fara gyara. Ka tsayar da yaron a inuwa, jikin bango mai haske, ko a rataya farin yadi a bayansa. Fuskarsa ta kalli inda haske ke fitowa, ba ya ba shi baya ba, in ba haka ba fuskar za ta yi duhu. Ya matso taku ɗaya daga bangon don kada inuwarsa ta kwanta a kai. A goge idon kyamarar da gefen riga, musamman lokacin hunturu da ƙura ke lulluɓe komai. Mai ɗauka ya riƙe wayar daidai tsayin idon yaro.

Daga nan matakai uku ne, kuma kada a juya jerinsu. Na farko yanka: a cire bango da sararin da ba a bukata, a bar kai da kafaɗu. Na biyu rage girma, wato yawan fiksel, ƙananan ɗigon da suka haɗu suka zama hoto. Wayar da ke ɗaukar hoto mai faɗin fiksel 4000 da tsayi 3000 ta ba ka fiksel miliyan 12, alhali fasfo mai milimita 35 da 45, ko wanke shi za a yi da kyau, fiksel 413 da 531 sun ishe shi. Wajen ragewa a tabbata alamar sarƙar da ke tsakanin faɗi da tsayi a ɗaure take, don kada fuska ta miƙe ko ta baje. Na uku matsewa: wajen fitar da shi a matsayin JPEG akwai ɗan majanyi na inganci, kana ja baya kana ganin nauyin yana sauka a ƙasa. Squoosh ma raba allon take yi biyu, na asali a hagu, matsattse a dama, ka tsaya daidai inda fuska ba ta fara lalacewa ba.

Kowane shafi da nasa ma'auni, na makaranta daban, na neman tallafin karatu daban, don haka a karanta abin da suka rubuta, kada a yi aiki da na bara. A kuma sani cewa rajistar JAMB a cibiyar da aka amince da ita ake yi, can ake ɗaukar hoto da zanen yatsa, ba a kai gyararre daga gida.

Gargaɗi ɗaya: ban da ƙara wa fuska fari ko goge tsage da tabo. Hoton shaida don a gane ka aka yi shi, kuma ranar jarrabawa da shi za a gwada fuskarka.

JPEG ko PNG?

Hoton da kyamara ta ɗauka, JPEG. Tambari, zane, taswira, ko abin da kake son bayansa ya zama babu komai, PNG. JPEG yana zubar da wani abu na hoton duk lokacin da aka sake ajiye shi, shi ya sa hoton da ya sha gyara da turawa yake dusashewa. Ka riƙe na asali a gefe, ka yi aiki a kan kwafi. In ka ga fayil mai suna WebP, tsarin Google ne na 2010, wasu shafukan rajista ba sa karɓarsa, sai ka buɗe shi ka fitar da shi a JPEG.

Mece ce leya, kuma dole ne sai na koye ta?

Dole ne, in dai kana son wuce yankan fasfo. Leya na nufin kowane abu da ke cikin aikinka yana zaune a shimfiɗarsa: hoton a ƙasa, rubutu a samansa, tambarin makaranta a saman rubutun. Kana iya matsar da ɗaya ko goge shi, sauran ba su sani ba. Ranar da shugaban makaranta ya ce an ɗage ranar rabon kyaututtuka, mai leya zai canza kwanan wata cikin minti ɗaya, wanda ya haɗe komai wuri guda kuwa sai ya faro daga tushe. Shi ya sa nake sa kowa ya ajiye aiki sau biyu: PSD mai riƙe da leyoyi don gobe, JPEG ko PNG don nunawa.

Aikin farko da nake ba 'yan aji huɗu shi ne su ɗauki hoton zanen da suka yi da biro a littafin kimiyyar halittu, misali furen kuɓewa da aka tsaga biyu. Hoton kan fito da takarda ruwan toka, da inuwar hannun mai ɗauka a gefe. Su miƙar da shi, su yanke gefuna, su ja haske har takardar ta koma fara tas layukan biro su yi baƙi, sannan su rubuta sunan kowane sashe a leya dabam. Wanda ya gama wannan ya riga ya taɓa yawancin abin da ake bukata.

Kwamfutar tana daskarewa da na buɗe hoto. Ta lalace ne?

Ba ta lalace ba, ƙwaƙwalwarta ce ta cika. Hoton nan mai fiksel miliyan 12, ko da nauyinsa a filash megabayit 3 ne, in aka buɗe shi yana cin kusan megabayit 48, kuma kowace cikakkiyar leya da ka ƙara haka za ta ci. Yawancin kwamfutocin makaranta ƙwaƙwalwar aikinsu ƙarama ce. Ka rufe sauran shafuka, ka rage girman hoton tun farko. A watannin Maris zuwa Mayu kuma zafi na ƙara nasa, don haka kada a ɗora ta kan tabarma ko cinya ta toshe inda iska ke fita, a sa ta kan tebur.

Na rubuta Hausa a fasta, sai ƙ da ɗ da ɓ suka zama akwatuna.

Salon rubutun da ka zaɓa ne ba shi da haruffa masu lanƙwasa, kuma yawancin salon ado haka suke. Noto Sans na da su, Andika da Charis na cibiyar nazarin harsuna ta SIL ma suna da su. Ina roƙon ɗalibai kada su gudu su koma k da d da b tsura saboda sauƙi. Fastar da za a liƙa a allon sanarwa ƙananan yara na karanta ta, kuma daga ita suke koyon yadda ake rubuta harshensu. In madannai ba su da haruffan, a rubuta su a waya, a turo, a kwafa.

Masu son ajami, akwai salon da ake kira Alkalami, wanda SIL ta tsara bisa irin rubutun da ake yi a ƙasar Kano da Nijar, mai kaurin nan da muka sani a allo. Kyauta ne, kuma Photopea na karɓar fayil ɗin salon rubutu in ka buɗe mata shi. Wanda ya yi makarantar allo yakan gane shi nan take.

A allo ya yi kyau, da aka buga a takarda ya fito dishi-dishi.

Fiksel ne suka yi kaɗan. Takardar A4, in ana son bugu mai kyau na ɗigo 300 a kowane inci, tana bukatar fiksel 2480 da 3508, don haka a buɗe aikin da wannan ma'auni tun farko. Ƙaramin hoto ba ya zama babba don an ja gefensa. Sau da yawa WhatsApp ne sanadi, domin yana matse hoton da aka tura ta hanyar da aka saba. A tura shi a matsayin fayil, ko a haɗa waya da kwamfuta da igiyar caji. Launi ma yakan ɗan yi duhu a takarda, saboda allo da haske yake nunawa, firinta kuwa da tawada. A gwada ƙarami kafin a biya kuɗin babba.

Mu da yawa ke amfani da kwamfuta ɗaya. Ina zan ajiye aikina?

Photopea ba ta ajiye maka komai da kanta. In batir ya mutu ko wani ya rufe shafin, aikin ya tafi. Ka saba da danna Ctrl da S a kai a kai. Kowane ɗalibi ya buɗe jaka da sunansa da ajinsa, malami kuma ya riƙa kwashe su a filash ɗaya na makaranta wanda ba ya yawo shaguna. Masu Chromebook, wato kwamfutar da ke aiki da tsarin Google, su kula, abin da aka sauke a matsayin baƙo yana gogewa da an fita. Wanda ya shiga Canva ko imel ɗinsa kuma ya fita kafin ya tashi, kada ya yarda burauza ta riƙe masa kalmar sirri.

Zan iya ɗauko kowane hoto daga Google in yi aiki da shi?

A'a. Google nuna maka kawai yake yi, hoton na da mai shi, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta kare hotuna. Wikimedia Commons na da hotunan da masu su suka yarda a yi amfani da su, yawanci bisa sharaɗin a ambaci sunansu. Pexels da Unsplash ma na kyauta ne.

Amma ni abin da ya fi damuna shi ne yaro ya yi fastar noma da hoton gonar Turai, alhali ga gero da riɗi a bayan ajinsa. In ka nemi hotunan ƙauyukanmu a intanet za ka ga ba su da yawa. Kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis, ta Wudil ranar Juma'a, zanen kan duwatsun Birnin Kudu, tsuntsayen dausayin Baturiya, shanyar shinkafa a Kura, rumbu da mai ƙira da mai jima, duk abin ɗauka ne. Tun 2014 ake gasar hotunan Afirka mai suna Wiki Loves Africa, kuma Wikipedia ta Hausa na bukatar irin waɗannan hotuna. Yaron da ya iya gyara hoton da ya ɗauka da hannunsa yana da abin ba duniya.

Malam, ni uba ne. Me zai hana a ɗauki hoton 'yata a yi wasa da shi?

Alhaji, tsoronka na kan hanya, kuma ba zan ce maka hakan ba ya faruwa ba. Kayan aikin da ke gyara haske su ne ke iya ɗora kan wata a jikin wata, kuma a gari irin namu hoto ɗaya na ƙarya na iya raba yarinya da karatu, har ya taɓa aurenta.

Ga abin da nake ganin kowace makaranta ya kamata ta tsaya a kai. Ba a koyon gyara da fuskar ɗalibi, a koya da tsiro ko gini ko zane. Hoton fasfo malami ke tsayawa a kai, na 'yan mata kuma Malama, kuma da an gama a goge shi daga kwamfuta har da kwandon shara. Ba a ɗora hoton ɗalibi a shafin da ke kwashe hotuna, wanda wannan na cikin dalilan da suka sa na fifita Photopea da Squoosh. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ma ta ce sai da yardar iyaye ko mai riƙo ake sarrafa bayanan yaro, hoto kuwa bayani ne. Kana da haƙƙin ka zo ka tambayi shugaban makaranta inda hoton 'yarka yake. Ka kuma sani cewa waya kan liƙa wa hoto bayanin wurin da aka ɗauke shi in ba a kashe wannan saiti ba.

Ina kuma roƙonka kada tsoron ya sa ka hana ta shiga ɗakin kwamfuta. Yarinyar da ta san yadda ake haɗa hoton ƙarya ita ke saurin gane shi, kuma ba sai ta miƙa hotonta ga wani a shago ba.

Aiki da hoto ya halatta a addini?

Malamai sun yi saɓani kan hoton mai rai, da yawa kuma sun sassauta kan na larura irin na katin shaida da jarrabawa. Fatawa ba tawa ba ce, a tambayi malamin da aka amince da shi. Ɗalibin da gidansu ba sa so ba na tilasta masa. Yana iya koyon komai da rubutu da taswira da dagi da zanen hula.

Abokina ya ce in gyara masa maki a takardar sakamako.

Kada ka yi. Jabu ne, laifi ne a doka, kuma ba ya ɓoyuwa, domin makarantu na tantance sakamakon WAEC da NECO daga hukumomin kai tsaye. Ana korar ɗalibi ko ya kai ajin ƙarshe a jami'a. Haka takardar haihuwa da rasit na banki.

Manhajar karatu ta ambaci CorelDraw. Photopea za ta maye gurbinsa?

Ba duka ba. CorelDraw na zane ne da layuka waɗanda ba sa fashewa ko an faɗaɗa su, Photopea kuwa ta fi ƙarfi a hoton fiksel, duk da tana da alƙalamin zana siffofi, tana kuma buɗe fayilolin CDR na CorelDraw, ko da yake wani lokaci tsarin kan ɗan goce. Sunayen kayan aikin CorelDraw da ake tambaya a jarrabawa sai an koyar da su daga littafi. Amma yaron da hannunsa ya saba da leya da zaɓe da daidaita rubutu, in ya zauna gaban CorelDraw a shagon buga takardu a Dutse ko Kano ba zai daɗe yana laluba ba.

Malam, ajina ya haura 60, kwamfutoci 10, darasi minti 40. Ta ina zan fara?

Malama, ki raba su rukuni-rukuni, kowa da aikinsa: mai ɗaukar hoto, mai yanka, mai rubutu, mai ajiyewa, mako mai zuwa a juya. In ba a yi haka ba, yaro ɗaya mai kai zai riƙe linzamin har ƙarshen zango, sauran su zama 'yan kallo, kuma yawanci masu kunya ne ke komawa baya. Ki zana fuskar manhajar a allo tun kafin a kunna komai, don kada caji ya ƙare wajen neman maɓalli. A sa hotunan aikin a kwamfutocin tun jiya, a yi caji da rana lokacin da sola ke da ƙarfi, a rage hasken allo. Aiki ɗaya a darasi ɗaya ya isa: yau yanka, mako mai zuwa rage nauyi, sannan haske, sannan leya da rubutu. Saura minti 5 a tashi ki tsayar da kowa, a ajiye aiki, ki bi jaka-jaka ki ga fayil ɗin da idonki kafin a rufe kwamfutocin a lulluɓe su saboda ƙura.